KASO DA MAI TSAYA WA ƊAN KASO: Jawabin da aka yi wa wakilan rassa a Illela

 

An ɗora mana, mu 'yan malaman lekol, mu yi magana yau a kan wani abu da ba a son ambatonsa a bainar jama'a, wato kaso. In ɗan mutum ya shiga kaso, mutanen gidansu sukan ce ya tafi ci-rani. In ya fito, sai a yi shiru kamar ba a yi ba. To, shirun nan shi ne muke so mu fasa, domin ƙarƙashinsa 'ya'yan talakawa ke lalacewa. Ba mu zo mu ce a buɗe ƙofa a saki kowa ba. Wanda ya kashe rai, da wanda ya ɗauki bindiga ya tare hanya, maganarsu dabam ce, ba su muke nufi ba. Muna nufin yaron da aka kama da ragon da ba nasa ba, da matar da rigimar aure ta kai ta gaban alƙali, da magidancin da faɗan ɓarnar gona ya ja masa ɗauri. Su waɗannan za su dawo cikinmu ko mun so ko mun ƙi. Abin tambaya shi ne, wa ke kula da yadda za su dawo?

Mu fara da inda abin ya samo asali. Kalmar kaso ma kanta daga bakin Faransawa muka same ta. A zamanin mulkin mallaka akwai wata doka da ake kira andijena, wadda ta ba kumandan iko ya rufe baƙar fata har kwana 15 ba tare da shari'a ba, kan abin da bai taka kara ya karya ba: jinkirin biyan lanho, ko ƙin fita aiki, ko rashin gaisuwa yadda yake so. Daga baya aka rage kwanakin, amma ikon yana nan har 1946. A shekarar ne aka soke andijena, kuma ran 11 ga Afrilu aka yi dokar da ta kashe aikin tilas. A wancan zamani ba a gina kaso domin a gyara kowa ba. An gina shi domin a tsorata mutane, kuma domin a sami hannuwan share bariki da ɗebo ruwa da gyaran hanya kyauta. Shi ya sa kakanninmu ba su taɓa ɗaukar kaso wurin neman gyara ba, mu ma haka muka gada.

Da ƙasa ta sami kanta ran 3 ga Agusta 1960, aka yi mana kundin hukunci da kundin tsarin shari'a a 1961, an gina su bisa na Faransa. Gine-ginen kuwa da yawa nasu ne muka ci gaba da su. Babban kason Yamai an gina shi a 1947 domin 'yan ɗaruruwan mutane, amma an yi shekaru mutanen cikinsa sun haura dubu. Rahotannin da aka yi ta fitarwa daga shekarun 2010 zuwa gaba sun nuna fiye da rabin mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a ma yanke musu hukunci ba, jira suke yi. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Kada wani ya ce ba a yi dokoki masu kyau ba. An yi. Dokar ƙasar nan ta ce yaron da bai kai shekara 13 ba ba a hukunta shi, sai dai a nema masa kariya da tarbiyya. A 1999 aka kafa kotunan yara, aka sake sabunta dokarsu a Nuwamba 2014. Ta ce wanda bai kai 18 ba yana da alƙalinsa na dabam, kuma alƙalin yana da iko ya mai da shi hannun iyayensa, ko hannun wani mutum amintacce, ko wani gidan koyon sana'a, maimakon ya rufe shi. A Disamba 2011 aka yi dokar kafa hukumar da ke ba marasa hali taimakon shari'a kyauta, kuma yaron da ake tuhuma yana cikin masu haƙƙin samunsa. A Maris 2017 aka yi dokar tsarin gidajen kaso, da wata dokar da ta ba alƙali dama ya yanke wa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a maimakon ɗauri. Duk waɗannan suna nan a rubuce.

Amma jama'a, doka ba ta da ƙafa. Ba za ta taso daga Yamai ta zo ta tambayi uwar yaro abin da ya faru ba. Sai wani mutum ya ɗauke ta ya kai ta. Mutumin nan shi ne ma'aikacin jin daɗin jama'a, wanda a bariki ake ce wa asistan sosiyal. Da yawanku ba ku taɓa ganinsa ba, wasu ma ba su san da aikin ba, shi ya sa za mu ɗan tsaya a kansa.

Bari mu yi misali, ba da wani muke ba. A ce ran kasuwar Badagishiri an kama yaro ɗan shekara 15 yana janye da ragon mutane. Jandarma suka rubuta abin da suka gani, suka kai shi kotu. Alƙali bai san shi ba, bai san ƙauyensu ba, wataƙila ma alƙalin ba ɗan Adar ba ne, bara aka kawo shi. Abin da ke gabansa takarda ce guda mai cewa an kama yaro da rago. Doka ta ba shi dama ya mai da yaron hannun wani, amma hannun wa? Uban yana nan ko yana ci-rani a Abijan? Yaron almajiri ne da malaminsa ya tafi ya bar shi? Wannan ne karonsa na fari ko na biyar? Wani babba ne ya aike shi? Shekarunsa ma 15 ne ko 19, tun da ba shi da takardar haihuwa? In babu mai amsa masa waɗannan, me zai yi? Sai ya ce a ajiye shi a kaso tukuna. Ba mugunta ba ce, rashin wanda za a ba shi ne. Kuma tukuna ɗin nan ita ce kan zama wata uku, ta zama wata shida, damina ta wuce ba a yi shuka da shi ba.

Aikin asistan shi ne ya hau moto ya je ƙauyen, ya zauna da uwar, ya ga mai gari, ya tambayi maƙwabta, ya ga mai ragon, sa'an nan ya rubuta wa alƙali rahoto: ga halin gidan, ga wanda ya yarda ya riƙe yaron, ga maƙerin da ya ce zai koya masa aiki, ga yadda za a biya mai rago. Da rahoton nan a hannu alƙali yana da abin dafawa. In an saki yaron, asistan ne zai riƙa leƙa shi, yana sanar da kotu ko yana bisa hanya. In kuwa an ɗaure shi, asistan ne zai duba ko an raba shi da manya, ko iyayensa sun san inda yake, ko akwai abin da yake koyo, kuma ya fara shirya masa komawa gida tun ranar da ya shiga. Ƙa'idodin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamba 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela saboda shekara 27 da ya yi a ɗaure, haka suka tanada: a raba yara da manya, a raba mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa, kuma cikin ma'aikatan kaso a sami malamai da masu koyar da sana'a da ma'aikatan jin daɗin jama'a.

Raba yara da manya ba ado ba ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya shiga bai san komi ba sai jan rago, in ya yi wata shida yana kwana kusa da tsohon ɓarawo, zai fito ya san yadda ake fasa kwaɗo, ya san inda ake sai da kayan sata a ƙetaren iyaka, ya san ƙwaya. Mu da kuɗin lanhonmu muka ciyar da shi ya koyi wannan.

To, yanzu ga tsakiyar maganarmu. Me ya sa aikin da doka ta tanada ba ya kai wa ga yawancin 'ya'yanmu? Mu a ganinmu ba rashin tausayi ba ne, rashin tsari ne, kuma tsari abu ne da ake gyarawa.

Da fari, aikin nan iyayen gidansa sun yi yawa. Alƙali da gidan kaso suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Masu gadin kaso tun da daɗewa sojojin gardi ne na ma'aikatar cikin gida, shi ya sa ma a 2017 aka yi dokar kafa ma'aikatan kaso na musamman. Ma'aikatan kula da yara kuwa, waɗanda aka daɗe ana kiran ofishinsu Sejup, suna ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da mata da yara, wadda sunanta kan canza kusan duk sa'ad da aka yi sabuwar gwamnati. Kowa yana da maigidansa, kowa yana da takardarsa. In rahoto bai zo ba, alƙali ba shi ne ke biyan asistan ba balle ya matsa masa, asistan kuma ba shi ne ke riƙe da mabuɗi ba balle ya shiga sa'ad da ya so. Ɗan akuyar da mutum uku suka yi tarayya a kansa, a rana yakan kwana. Maganin wannan ba shi da tsada. A kowane gari mai kotu a sa rana guda a wata, alƙali da mai riƙon kaso da asistan da wakilin ma'aikatar magajin gari su zauna da jerin sunayen waɗanda ke tsare, a kira su ɗaya bayan ɗaya: wane yaushe ya shiga, me yake jira, wa ke bin maganarsa? Mu a lekol kullum safe muna kiran suna, shi ya sa muke sanin wanda ya ɓace.

Sa'an nan maganar mai. Kuna iya yin dariya, amma wannan ita ce babba. Ƙasar Illela faɗi gare ta, ƙauyukanmu suna bayan duwatsu da ƙoramu, da damina wasu ma moto ba ya kai musu sai an tura. Ma'aikacin da aka ba ofishi da kujera da hatimi, ba a ba shi kuɗin mai ba, ba zai je ko'ina ba. Ko dai ya rubuta rahoto daga abin da yaron ya faɗa masa ta taga, ko ya ce iyaye su biya kuɗin tafiya. In aka kai nan, ɗan mai hali ya sami rahoto, ɗan talaka ya kwana ciki. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce muku an buɗe ofishin kula da yara, ku tambaye shi nawa aka rubuta na mai a shekara, kuma a aljihun wa yake.

Akwai kuma abin da muke gani da masu kawo taimako daga waje. Ba mu raina alherinsu ba, sun kawo kekunan ɗinki da kayan kafinta, sun gina wa yara ɗakuna dabam a wasu gidajen kaso. Amma purojensu yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Shekara uku ta cika, mota ta koma, mai koyarwa ba a biya shi ba ya tafi, keke ya rasa allura, ƙura ta rufe shi. Kuma awon da ake yi wa aikin ba shi ne awon gaskiya ba. Ana ƙidaya taro nawa aka yi, mutum nawa suka sa hannu suka karɓi kuɗin zama. Awon gaskiya guda ne: cikin yaran da aka saka bara, nawa ne ke gida ko wurin sana'a yau, nawa suka koma ciki? Wanda ba ya iya amsa wannan bai san ko aikinsa yana amfani ba, ko da kuwa mutumin kirki ne.

Ba za a iya amsa ta ba sai da kaye. Kaye guda mai bango, kowane mutum da shafinsa: ranar shiga, ranar da aka je gidansu, abin da aka yi alkawari, ranar fita, inda yake bayan wata uku da bayan shekara. In aka ɗauke ma'aikaci aka kai shi wata jiha, kayen ya zauna, wanda ya gaje shi ya ɗora daga inda aka tsaya. Amma a ji mu da kyau, kayen nan amana ne. Ba na karantawa a fada ko a majalisar shayi ba ne. Asirin gidan mutane ne a ciki, ranar da ya fita ba wata uwa da za ta ƙara buɗe baki.

Kada mu manta da mata. Matar da ke tsare ba za ta faɗa wa namiji baƙo abin da ke cikinta ba, sau da yawa kuma da goyo take shiga, ko ta bar 'ya'ya a gida ba mai kula. A nan ƙasarmu aka yi shari'ar da duniya duka ta ji. Hadijatu Mani an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, kan jikka 240, ta zama wahaya. A 2003 aka yi dokar da ta mai da bauta babban laifi. A 2005 aka ba ta takardar 'yanci, ta tafi, daga baya ta auri wanda take so. Wanda ya saye ta ya kai ƙara cewa matarsa ce, kuma a Mayu 2007 kotun Ƙonni ta yanke mata wata shida bisa laifin aure kan aure. Ta yi kimanin wata biyu a kaso kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ba da umarni a sake ta. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai, ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. A 2014 kuma a Ƙonnin dai aka ɗaure wani mutum shekara huɗu kan riƙon wahaya. Me ya fid da Hadijatu? Ƙarfin zuciyarta, da kuma mutanen ƙungiyar Timidriya da lauyoyi da suka tsaya a waje suna bin takardarta daga kotu zuwa kotu, suna faɗin yadda aka yi ta shiga gidan nan tun farko. A takardar tuhuma laifi ne kawai ake gani. Tarihin da ke bayan laifin sai an sami mai tono shi. Ku tambayi kanku, mata nawa ne ba su sami mai tonowa ba?

Ga kuma harshe. Shari'a da Faransanci ake rubuta ta, talaka kuwa ta bakin tafinta yake ji. A Maris 2025 kundin da aka kafa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To, madalla. Muna so mu ga wannan a ƙofar kaso: a gaya wa mai tsare da uwarsa, da Hausa ko Tamashek ko Fillanci, abin da ake tuhumarsa da shi, da abin da doka ta ba shi. Lauyoyi kusan duk a Yamai suke zaune. Shi ya sa doka ta yarda kotu ta naɗa wa mutum mai kare shi daga cikin masu ilmin gari ko da ba lauya ba ne. A ƙasar Malawi tun shekarar 2000 suka koya wa mutane 'yan ƙa'idodin shari'a, suka riƙa shiga gidajen kaso suna zaƙulo waɗanda aka manta da su. Abin da Malawi ta iya, Adar ba ta fi ƙarfinsa ba.

Yanzu mun san abin da ke ran wasunku, mun ga dattawa suna kaɗa kai. Suna cewa, to, mai rago fa? Shi ba talaka ba ne? Shekara guda matarsa ta yi tana kiwonsa da dussa da harawa don ta sayar da Layya ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Gaskiyarku. Amma ku duba, in an rufe yaron wata shida, me mai rago ya samu in ragon ya riga ya tafi? Ko tamma. In kuwa an yi zama gaban mai gari, dangin yaron suka ɗauki biya, yaron ya kama aiki yana ragewa, mai rago ya sami kuɗinsa, kuma ya ga an ba shi girmansa. Asistan na ƙwarai yakan fara da gidan wanda aka cuta kafin ya je gidan wanda ya yi cutar. Wanda ya manta da wannan ya ɓata aikin, domin ranar da mutane suka ga ana lallashin ɓarawo an bar su, sai su daina kai ƙara, su ɗauki sanda. Kun san abin da kan faru a kasuwa in an yi ihun ɓarawo.

Wannan aiki da muke faɗi, kada ku zaci manyan masu digiri suka ƙago shi. Mai ɗinkin takalma ne. A birnin Boston na Amurka, a 1841, wani baduku mai suna John Augustus ya shiga kotu ya ga za a ɗaure wani mashayi. Ya roƙi alƙali a ba shi mutumin, shi ya tsaya masa. Bayan mako uku ya dawo da shi ya natsu, alƙali ya ci shi tarar da ba ta kai komi ba ya sallame shi. Badukun nan ya ci gaba da haka har ya mutu a 1859, ya tsaya wa mutum kusan 2,000, maza da mata da yara, yana rubuta kowa a littafinsa. Sai a 1878 jiharsu ta mai da abin doka, Ingila ta yi tata a 1907. Abu biyu za ku lura: yana zaɓen wanda zai tsaya wa, ba kowa yake ɗauka ba, kuma yana da kaye. Mu nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Da can in yaro ya yi ɓarna, wani dattijo kan ce a bar mini shi, kuma maganarsa ta zauna. Abin da ya rage shi ne a haɗa maganar dattijon da hatimin alƙali.

Tun zamanin mulkin mallaka aka kafa gidan horon yara a Dakwaro, cikin jihar Maraɗi, akwai kuma gidajen koya wa 'yan kaso sana'a a Kwallo da Daikaina can yamma. Amma wace uwa ce daga Tajaye za ta iya zuwa Dakwaro duk wata? Yaron da aka raba da danginsa shekara biyu, ko ya koyi sana'a, ya dawo baƙo. Alhali ga maƙera da masu walda da teloli da masu gyaran moto cike da Ƙonni da Malbaza da Illela, ga lambunan albasa na Galmi da ke neman hannu duk rani. Gidan horonmu yana nan cikin kasuwanninmu, ba a dai rubuta sunayen masu shi ba.

Haka dokar aikin amfanin jama'a ta 2017. Alƙali ba zai yanke wa mutum aiki ba in babu wurin aikin da mai duba shi. Mu kuwa wurin aiki ba shi muka rasa ba. A 1989 wasu manoman ƙasar Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake gyara tassa, suka dawo suka rayar da faƙo mai yawa da an riga an fid da rai a kansa. Har yanzu akwai faƙon da ke jira, akwai dashen itace, akwai azuzuwan zana da iska ke kwashewa, akwai sharar gidan likita. Sai dai a nan muna ɗaga murya, domin mun san tarihinmu. Kada aikin amfanin jama'a ya zama aikin tilas da aka sake wa riga. Dole ya kasance kotu ce ta yanke, da yardar mai laifin, da awowi ƙidayayyu a rubuce, kuma a kan abin jama'a. Ranar da kuka ga an kai shi gonar wani babba, ko yana wankin motar wani, ku sani an koma 1945, ku faɗa.

Ranar fita ita ce mafi wuya, kuma ita aka fi mantawa. Mutum ya fito ba kuɗin mota, gonarsa wani ya noma, wadda yake nema an ba wani, yara suna nuna shi. In a makon farko bai sami mai ce masa zo mu je aiki ba, abokan da ya yi a ciki su za su neme shi, su kuwa ba sa ƙyamarsa. Asistan ɗaya, ko da an ba shi mai, ba ya iya zama a kowane ƙauye. Wannan rabon namu ne.

Ga abin da muke roƙon kowane reshe kafin taro mai zuwa. Ku zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu riƙon asiri, ba masu son a gan su ba. Su je su gai da alƙali da mai riƙon kaso cikin ladabi, su tambayi ko akwai asistan a garin, ina ofishinsa, wace rana ake ziyara, me aka yarda a kai. Kada su shiga da sunan jam'iyya, kada su tambayi ɗan kaso ra'ayinsa, kada su roƙi a saki wani don ɗan wane ne. In muka mai da abin hanyar fid da namu, mun kashe shi. Sa'an nan sakatare ya zagaya kasuwa ya rubuta masu sana'ar da suka yarda su karɓi yaro ɗaya, da dattawan da suka yarda su tsaya wa mutum, kowa da yardarsa, a kai wa alƙali takardar ya san da su. Inda aka tarar babu asistan, ko akwai shi ba mai, a rubuta wa ma'aikatar magajin gari da shugaban gunduma takarda, a ajiye kwafi, a sa rana a koma jin amsa. Mu malaman lekol mun ɗauki namu: za mu nemi izinin koyar da karatu da lissafi ga yaran da ke tsare yini guda a mako, kuma duk yaron da bai da takardar haihuwa a ajinmu za mu bi maganarsa, domin ranar da tsautsayi ya kai shi kotu kada a ɗauke shi babba.

Reshen Malbaza da na Badagishiri su tsaya bayan an tashi, a raba musu kayen da aka sayo. Masu tambaya kuma su ɗaga hannu, shugaba zai ba su dama.